Zaren Fata a Injin Alhaji Mutari

Ku da kuke riƙe da tiyo a wurin wankin mota na bakin tasha, ina ganin irin kallon da kuke yi mini in na zo wucewa da akwatina. Wani cikinku har ya taɓa tambayata ko aski nake yi. Ban ji haushi ba, don akwatin ya yi kama da na wanzami, kuma abin da ke ciki ya fi na wanzami ban dariya: gashin zabo, asawaki guda biyar, tsummoki, ƙullin kanwa, tsamiya, toka a gwangwanin madara, sai kwalbar kananzir. Da waɗannan na ci abinci shekara arba'in da 'yan kai a garin nan na Damagaram, na yi gini, na aurar da 'ya'ya. Sunana Lawali, sana'ata tsabtace injin tsofaffin motoci. Ni ba makanike ba ne, ban taɓa buɗe cikin inji ba. Abin da ido ke gani hannu ke kaiwa shi ne nawa, kuma a nan ban san wanda zai nuna mini komai ba daga Birni har Zango.

Ku a wurinku aikin bai fi minti goma ba. A ɗaga kapo, abin da Kanawa ke ce wa bonet, a watsa sabulu, a saki injin feshi ya yi ta ihu, a shafe robobi da mai su yi ƙyalli, mai mota ya tafi yana murna. Motocin yanzu suna jure wannan, don komai nasu a rufe yake cikin roba. Tsohuwar mota kuwa komai nata a fili yake, kuma duk abin da ka gani a cikinta wani ne ya sa shi da hannunsa saboda wani dalili. Akwai motar da ta kusa tafiya Kano gunduwa-gunduwa don an manta da haka. Zan gaya muku labarinta, amma sai na fara da inda na koyo, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya faru ba.

Aikin farko da aka ba ni mazaunin batir ne. Maigidana Baba Ari, wani Babarbare mai ƙarancin magana, yana da rumfa a Zango kusa da masu faci. Wata uku cur ban taɓa komai ba sai wannan ɗan faranti da batir ke zama a kai. In cire batir, in jiƙa kanwa a kwano, in zuba a kan farin gishirin da ruwan batir ke bari, ya yi ta tafasa yana kumfa har ya yi shiru. In bai yi shiru ba akwai sauran guba a ƙarfen, kuma za ta ci gaba da cinsa a ƙarƙashin fenti. Daga nan in wanke, in shanya, in goge kan dalma da toka har ya yi fari. Baba Ari yakan zo ya zura ɗan yatsa a lungun da ido ba ya kaiwa, ya ɗaga ya duba. In ya sami datti ba ya faɗa, sai ya shafa mini a goshi ya koma ya zauna. Haka zan wuni da tambari a fuska, duk wanda ya shigo rumfar ya san abin da na yi.

Bayan batir sai ya koya mini tsari. Ba a taɓa inji da zafi, ba a kuma taɓa shi da sanyi ƙalau. Ɗumin da za ka iya ɗora tafin hannu a kai ka bar shi, shi ake so, don a nan tsohon mai yake saki. Ana farawa a bushe. A kaɗe rairayi da buroshi kafin komai mai ruwa ya taɓa wurin, domin rairayi in ya haɗu da kananzir ya zama abin wasa wuƙa, duk inda tsumma ya bi sai ya kankare fenti. A rufe delko, wato ɗan tulun da ke raba wuta ga buji, a rufe kafireto, a rufe dinamo. Sannan a fara daga sama a yi ƙasa. Kananzir na ƙarfe ne kaɗai, in ya zauna a kan tiyo sai robar ta kumbura ta yi laushi, wata biyu ta fashe a hanya. Kan lagireto na tagulla ne, ruwan tsamiya ke fito da shi, amma a ɗauraye da wuri kafin ya yi kore. Asawaki na shiga tsakanin ƙusoshi inda tsumma ba ya shiga, in bakinsa ya mutu a yanke a tauna sabo. Gashin zabo na ƙarshe ne, da shi ake ɗiga mai a gaɓoɓin totur da hannun kapo, ɗigo ɗaya ɗaya.

Wani Bakano mai kawo atamfa kasuwa ya taɓa kawo mini motarsa yana sauri, ya ce in watsa mata ruwa kawai, da azahar zai kama hanya. Na tsaya ina kallon injin ban taɓa ba, har ya ce, "Malam, kallo na kawo ka yi?" Na ce kallon rabin aikin ne. Datti yana magana kafin a share shi. Baƙin mai da ya bushe ya yi ɓawo, tsohon zance ne. Wanda ke da danshi yana kama ƙura sabo ne, kuma in ka bi sawunsa sama za ka ga inda yake fitowa. A motar Bakanon nan na ga wani siririn farin layi ya gangaro daga ƙarƙashin tiyon lagireto, alamar ruwa na tsiyaya yana bushewa. Na nuna masa. Ya yi tsaki ya je aka canza tiyon, makanike ya lanƙwasa tsohon a gabansa ya tsage biyu. Shekara goma sha ɗaya yana kawo mini mota bayan wannan, bai sake ce mini yana sauri ba. Da ku ne, da kun wanke shaidar fes kun sallame shi.

Abin da aka fi sanin Baba Ari da shi zaren fata ne. Tsohuwar mota in ta shekara talatin a ƙasar nan, wayoyinta na asali masu launi-launi sun daɗe da ƙarewa. Wannan ta ƙone a hanyar Damagaram Takaya an sa wadda aka samu, waccan ɓera ya ci an ɗaura wata, kuma wadda ake samu kusan kullum baƙa ce. Ka buɗe kapo ka ga baƙaƙen wayoyi kamar tuwon jiya, babu mai bambanta su. Mu kuwa dole mu cire su in za mu tsabtace bakunansu. Baba Ari bai yi lekol ba, wato boko, ba ya rubuta lamba. Sai ya riƙa zuwa wurin dukawa yana karɓo ragowar jar fata, a yanka masa siri-siri. Ya jiƙa, ya naɗa a wuyan kowace waya: wannan zagaye ɗaya, waccan biyu, ta gaba uku, ya ƙulle. Fata in ta bushe sai ta ƙara kamewa, zafin inji ba ya sa ta saki. Kowace mota da lissafinta, kuma lissafin yana kan mai wanke ta. Da ya rasu na gaji rumfar, na gaji lissafin mota goma sha bakwai a kaina.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda injin feshi ya shigo gari, kuma a daidai lokacin 'yan gwangwan suka fara zagaye unguwanni suna sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. Motocin da na sani tun ina saurayi na riƙa ganinsu a bayan tirela, an sare su gida huɗu. Cikin goma sha bakwai saura uku kafin damina ta fita. Na rufe rumfa na tafi Dakusa ina wanke wa masu injin niƙa injinansu, ina dawowa gida fari fat da gari kamar an tono ni. Ban bar sana'ar ba, kuma dalili ɗaya shi ne Alhaji Mutari. Shi ɗan kasuwar fatu ne a Birni, yana da kat-san-kat, irin motar Faransa da manyan gari suka yi yayi a da, fara mai ɗan duhu. Duk farkon wata sai ya aiko a kira ni, ko ina Dakusa. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna yana kallona ina aiki, ya ce shi kallon nan ya fi masa rediyo. Shekara talatin ina buɗe kapon motar nan.

Alhaji ya kwanta ciwo shekara biyu, aka kulle motar a garejin gida, ban sake ganinta ba. Ya rasu, muka yi jana'iza. Ana saura kwana huɗu sadakar arba'in, ranar Litinin da hantsi, sai ga autansa Nasiru a rumfata. Nasiru ma'aikaci ne a Yamai, mutum mai natsuwa da riƙon addini, ya kai shekara talatin da biyar. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba Lawali, na yi ɓarna."

Ya ce yayansu Alhaji Sani, babban ɗan marigayi, ya riga ya yi magana da wani mai gwangwan a kan motar. A ganin Sani ƙarfe ne ya tare wuri, ɓeraye na haihuwa a ciki. Nasiru ya roƙe shi a bar ta. Da roƙon ya yi yawa Sani ya yanke magana a gaban dangi: ranar Juma'a za a kai kayan sadaka Hamdara, garin kakanninsu. In motar ta tashi ta kai su da ƙafarta, a bar ta. In ba ta tashi ba mai gwangwan zai sare ta a ranar, don da yamma yake loda tirelarsa zuwa Kano.

"Bon, sai na ce bari in fara da wanki," in ji Nasiru. "Na kira masu injin feshi har gida. Kafin su zo na buɗe kapo, sai na ga layu ko'ina, jajaye, an nannaɗe su a wayoyi. Baba Lawali, ka san bakin mutane. Tsohon nan ya rasu da mutuncinsa, a sahun gaba yake salla. Ban so yaran labaj, masu wankin nan, su gani su fita da magana. Na sa reza na yanke su duka, na cire wayoyin don a wanke da kyau."

Na ce, "Ka buɗe ko ɗaya ka ga rubutu a ciki?"

"Ban buɗe ba. Ƙona su na yi a bayan gida."

"Laya nawa ka taɓa gani wadda ba ta da ciki?"

Na gaya masa abin da ya ƙona, da wanda ya naɗa na farko, da wanda ya sabunta su sau uku tun daga nan. Ya dafe kai da hannu biyu. Na ji tausayinsa, don ɓarnar tasa ta ƙauna ce, mutuncin ubansa ya je karewa. Na kuma ji haushi, ba zan ɓoye ba, don da ya tambayi kowane tsoho a layin da an gaya masa. Na ɗauki akwatina na ce mu je.

A garejin na tarar da Idi makanike, abokin aikina na shekaru, zaune a kan taya ya haɗa tagumi. Ya riga ya zubar da tsohon esans, wato fetur, ya sa sabon batir, ya juya injin da hannu ya ga bai kame ba. Wayoyi ne suka tsayar da shi.

"Manyan nan huɗu na buji zan lalubo su, wannan ba komai," in ji shi. "Ƙananan nan tara su ne masifa. Duka baƙaƙe, duka sun shige dami ɗaya da aka naɗe da robar tayar keke, sun bi ta bango zuwa cikin mota. In na kwance damin, robar jikinsu za ta zube kamar ƙanzo. Jiya na gwada haɗa biyu da ka, hayaƙi ya tashi, da ban fizge batir ba da yanzu muna zancen gobara. Sai dai a sake wayarin gaba ɗaya, kuma wannan sai an aika Kano, sati biyu."

Na leƙa. Injin feshi ya yi abin da ya saba. Ya kwashe fenti a gefen murfin inji, ya tura tsohon mai cikin lunguna ya cakuɗa shi da rairayi, ya cika delko da ruwa har yana ɗiga in an karkata shi. Wayoyin tara suna reto, kowace da bakinta a sake. Na ce wa Idi ya tafi garejinsa, ya dawo ranar Alhamis da ƙwan gwajinsa. Ya ce, "Kai da ba ka san wuta ba?" Na ce wuta taka ce, wayoyin nawa ne.

Litinin da Talata ban yi komai ba sai tsabta. Na sa aka turo motar tsakar gida inda rana ke faɗi. Na cire murfin delko na kife shi a kan tabarma ya sha rana, na tsane cikinsa da tsumma mai laushi a kan tsinke. Na bi lungunan da feshi ya cusa laka da asawaki, ɗaya bayan ɗaya. Nasiru yana tsaye a kaina yana duba agogo. Ranar Talata da azahar ya kasa daurewa.

"Baba Lawali, don Allah, ƙyallin lagireto ba shi zai tayar da mota ba. Saura kwana uku."

Na ce ya kawo mini ruwan ɗumi da sabulun wanka, ya daina tsaya mini a haske. Da ruwan nan na wanke wuyan kowace waya a hankali, ba murza ba, shafa, don robar ta tsufa. Na bar su suka bushe har washegari.

Alhaji Sani ya leƙo da la'asar, yana dawowa daga kasuwa. Mutum ne mai fara'a, ba mugu ba, ɗan kasuwa ne kawai da ba ya son ajiye abin da ba ya motsi. Ya gaishe ni da girmamawa, ya ce, "Malam Lawali, kar ka wahalar da kanka. Ni ba ƙin motar nake ba. Amma mai ita ya tafi, wa zai riƙa kula da ita? Nasiru yana Yamai, ni ba ni da lokaci." Na ce, "Alhaji, ni dai wanki aka kira ni. In na gama ku yi yadda kuka ga dama da abinku." Ya yi dariya ya ce haka marigayi yake cewa, Lawali ba ya gardama sai da datti.

Ranar Laraba da safe na buɗe gwangwanin toka. Abin da na dogara da shi tun a rumfa shi ne wannan: fatar da ta shekara da shekaru tana matse roba a cikin zafi ba ta tafiya haka nan, sai ta bar gurbinta. Ido ba ya gani a baƙar waya, amma yatsa yana ji. Na tankaɗe tokar ta yi laushi, na shafa a wuyan waya ta farko, na busa. Sai ga farin zobe uku sun fito, siri-siri, da ɗan rami inda ƙullin ya zauna. Na ce wa Nasiru ya matso. Ya ƙirga da bakinsa, "Ɗaya, biyu, uku." Na ce uku ta dinamo ce, bakin sama. Na shafa ta biyu, zobe shida, ta hon. Ta uku zobe ɗaya, babbar wuta daga batir. Haka muka bi su, ni ina shafawa ina faɗin gidan kowace, shi yana riƙe mini ita da ɗan tsinke don kar su sake cakuɗewa.

Bakwai suka karantu. Biyu suka ƙi, domin a nan rezar Nasiru ta zame ta fere robar, ta tafi da zoben gaba ɗaya. Na san lambobin da suka rage, huɗu da takwas. Huɗu ta bobin ce, wadda ke ba buji wuta. Takwas ta akwatin caji ce. In aka juya su, ko dai mota ta ƙi tashi ko a sake ganin hayaƙin da Idi ya gani, kuma wannan karon damin ba lallai ya tsira ba. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Nasiru ya ce ko a jefa ƙuri'a. Na ce ba a jefa ƙuri'a da motar mutane.

Na bar su har rana ta take, robar ta yi ɗumi ta saki jiki. Sannan na janye duk sauran wayoyin gefe, na kama waɗannan biyun daga gindi inda suka fito daga dami, na ɗaga su sama na sake. Wayar da ta shekara talatin a lanƙwashe wuri ɗaya tagullar cikinta ta riga ta koyi hanyar. Ɗaya ta faɗi ta karkata hagu, bakinta ya tsaya bai fi faɗin yatsa biyu daga bobin ba. Ɗayar ta yi gwiwa ta nufi bango, wajen akwatin caji. Na sake ɗagawa na saki, sau uku, ba su canza ba. A gindin ta hagun kuma na ga wani ɗan wuri da ya goge ya yi santsi, daidai inda take shafar ƙarfen da ke riƙe bobin. Na ce shi ke nan, an gama.

Kafin la'asar na je wurin dukawa na karɓo jar fata. Nasiru ya fito da farin salatif da biro, ya ce ko a rubuta lamba a manna, ya fi sauƙi kuma ba mai cewa laya ce. Na ce ya manna ɗaya a murfin inji ya dawo bayan bazara ya gaya mini abin da ya rage. Ya mayar da salatif aljihu. Na jiƙa zaren na nuna masa naɗi ɗaya, sauran takwas shi ya naɗa da hannunsa, yana faɗin gidan kowace da ƙarfi. Ya ce, "Dakor, wannan karon ko a barci aka tashe ni na sani." Ranar Alhamis Idi ya zo da ƙwan gwaji ya bi su ɗaya ɗaya kafin ya yarda ya haɗa batir. Tara duka daidai. Sai ya cire hularsa ya sake sawa. Ya jera manyan wayoyin buji, ya wanke kafireto, amma magariba ta kawo kai batir bai gama caji ba, ba a gwada tayarwa ba.

Juma'a da hantsi mai gwangwan ya riga kowa zuwa, da sikelinsa da tulun gas na yankan ƙarfe a kan amalanke. Ya tsaya a ƙofar gida yana auna motar da ido. Aka turo ta waje, aka loda buhunan gero da goro a baya. Dangi sun cika layi. Na ɗaga kapo na yi dubawar ƙarshe: tagullar lagireto tana ɗaukar rana, kan batir fari, wayoyi a jere kowace da jan wuyanta, babu ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa. Ko da za a sare ta a ranar, da tsabtarta za ta tafi, wannan na tabbatar.

Nasiru ya shiga ya yi bismilla ya murɗa makulli. Ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta yi tari biyu. Mai gwangwan ya fara kwance igiyar tulunsa. Idi ya ɗiga esans a bakin kafireto, ya ce a taka totur rabi. A karo na uku ta kama. Ta girgiza, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita ta koma muryarta, wata irin ƙara mai kauri da ɗan ɗingishi a ciki, wadda babu motar da ke yin irinta a Birni.

Ba a gama hamdala ba sai ƙofar gidan da ke kallon nasu ta buɗe. Ya Fanna ce, maƙwabciyarsu Babarbariya, tsohuwa tukuf da idonta ya daɗe da tafiya. Ta fito tana dogara sanda, fuskarta a sake, ta ɗaga hannu wajen da ƙarar ke fitowa.

"Wushe Alhaji, wushe! Yau an fito? In Hamdara za ka, ka taho mini da yakuwa, ta kasuwa ba ta da tsami."

Ya Fanna ta zo gaisuwar mutuwar da kanta, ta san Alhaji Mutari ya rasu. Kunnenta ne ya riga ta. Muna kallo ta tuna, hannun da ta ɗaga ya sauko a hankali ya rufe bakinta. Ni kaina sai da na juya na kalli bango.

Alhaji Sani yana tsaye kusa da mai gwangwan. Sai ya taka har gaban tsohuwar ya rusuna.

"To, Ya Fanna. Za a taho miki da ita."

Ya dawo ya ce wa mai gwangwan ya yi haƙuri ya ɗaure tulunsa, ba sai an jira Hamdara ba. Ya zagaya ya buɗe ƙofar direba, ya ce wa Nasiru, "Matsa can, ni zan tuƙa." Na rufe kapo na danna shi da tafin hannu har ya kama, suka tafi.

Da la'asar ina zaune a ƙofar gidan ina wanke tsummokina na ji ta shigo layi. Sani bai tsaya a ƙofarsu ba, sai da ya kai ta ƙofar Ya Fanna, ya fito da damin yakuwa a hannu ya yi sallama.